Kaye uku da na cika da mafarki a ƙasar Faransa

A ƙasan akwatin ƙarfen da nake ajiye takardun makaranta, a ɗakina da ke unguwar Birni ta Damagaram, akwai kaye uku, wato littattafan rubutu, irin na ƴan lakwal, waɗanda babu lissafi ko darasi ko ɗaya a cikinsu. Mafarkai ne zalla, waɗanda na yi tsakanin watan Nuwamba na 2015 da watan Satumba na 2017, lokacin da nake karatun ilimin ruwa a birnin Lil da ke arewacin Faransa. Na daɗe ina ja da baya ga ba da wannan labari, domin a gidanmu an hore mu a kan cewa ba kowane mafarki ake kai wa kunnen mutane ba, kuma har yau ina kan wannan horo, saboda haka akwai shafukan da ba zan taɓo ba. Abin da ya sa na ɗaga murfin akwatin shi ne ƙanen wani abokina da ke karatu a Turkiyya, wanda ya kira ni da tsakar dare muryarsa tana rawa, yana tambayata ko ya haɗa kayansa ya dawo gida saboda abubuwan da yake gani a cikin barci. Tun kafin ya gama bayani na san inda ke yi masa ƙaiƙayi, domin ni ma na taɓa kiran gida da irin wannan murya.

Dole in fara da zancen sunana, ko da yake ba zan rubuta shi a nan ba. Ni ɗan fari ne, kuma sunan kakana na wajen uba aka raɗa mini. Duk wanda ya tashi a gidan Hausawa ya san abin da wannan ke jawowa. Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ba ta faɗin sunana saboda kunyar ɗan fari, ga shi kuma sunan surukinta ne, wato kunya biyu a wuri ɗaya. Kakata, wadda ta ɗauke ni tun daga yaye, ita ma ba ta faɗinsa tunda sunan mijinta ne, sai dai ta ce «Maigida», idan kuma tana jin tsokana ta ce «mijin nan nawa marar cefane». Mahaifina Baba yake ce mini, ƙannena kuwa Yaya. Don haka na girma sunana na yanka yana zaune a takarda, ba na jin sa sai a bakin mushe, wato malamin lakwal, idan yana kiran suna da safe. Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin rashi ba, kuma ba na ɗaukar sa haka yanzu. Na kawo shi ne domin in ba tare da shi ba, mafarkin da ya fi girgiza ni ba zai zama komai ba a kunnen mai karatu.

Abu na biyu shi ne ruwa. Damagaram a kan dutse take zaune, kuma manyan duwatsun nan da baƙi suke tsayawa ɗaukar hotonsu a Birni su ne shaidar abin da ke ƙarƙashin ƙafarmu, wato falalen da ba ya riƙe ruwa. Shi ya sa tun da daɗewa ake janyo mana ruwa daga nesa, daga Gogo da Macaya, daga baya aka ƙara da Arunguza da Ganaram, kuma ƙarancin ruwa yana cikin dalilan da ake ambata na ɗauke babban birnin ƙasa daga nan zuwa Yamai a 1926. Ni dai abin da na sani tun ina yaro shi ne tashi da ƙarfe uku na dare a lokacin bazara idan an ce famfo ya kawo, da jera bido, wato jarkar ruwa, a layi, da rigimar mata a kan wanda ya riga wani, da ƴan garuwa masu ƙara kuɗi gwargwadon zafin rana. Wannan ne ya kai ni karatun ruwa, kuma shi ne ya bi ni har cikin barci a ƙasar da ruwa ba ya yankewa.

Na sauka Lil a watan Satumba na 2015, aka ba ni ɗaki a gidan ɗalibai wanda faɗinsa bai wuce murabba'in mita 9 ba, da gado ɗaya da tebur da taga mai kallon wurin ajiye motoci. Agogo bai ba ni wahala ba, domin da zarar an shiga sanyi lokacin Faransa da na Nijar ɗaya ne, a lokacin zafi ne kawai suke gaba da mu da awa guda. Rana ce ta ba ni wahala. A Damagaram tsawon yini ba ya nisa da awa 12 duk shekara, mutum yana iya sanin lokacin la'asar da inuwar katanga. A Lil kuwa, kafin watan Disamba ya raba, sai wajen tara saura kwata rana take fitowa, in ma ta fito, kuma kafin ƙarfe biyar na yamma duhu ya rufe. Ina shiga aji cikin duhu, ina fitowa cikin duhu. Ga kuma yayyafi wanda ba shi da damina ba shi da rani. Abin mamaki, ruwan da suke samu a shekara bai kai ninki biyu na kimanin milimita 400 ɗin da muke samu ba, amma namu yana zubowa ne cikin wata uku zuwa huɗu ya wuce, nasu kuwa an barbaza shi a kan wata goma sha biyu. Makonnin farko, duk lokacin da na ji ruwa yana gangarowa ta bututun jikin gini yana shigewa kwata, sai in ji hannuna yana neman bokiti, kamar yadda muke rige-rigen tara roba da tulu a ƙarƙashin indararo ranar ruwan farko.

A cikin wannan duhu ne mafarkan suka fara. A gida ina mafarki kamar kowa, in tashi in manta kafin in gama alwala. A can kuwa sai suka zo da launi da wari da nauyi, har nakan farka ina jin ƙurar hunturu a maƙogwarona alhali tagata tana jiƙe da raɓa. Na ga raƙuman Abzinawa sun durƙusa a harabar jami'a ana sauke musu gishiri. Na ga malaminmu na lissafin gudun ruwa sanye da rawani yana karantar da mu a zauren gidanmu, yana rubutu a allo da tawadar zuge. Na ga Kasuwar Dole ta Damagaram an rufe ta da gilashi, kowace rumfa da na'urar karɓar kati, amma masu sayar da kilishi suna nan yadda na san su. Waɗansu suna ba ni dariya idan na farka, waɗansu kuma suna barina da faɗuwar gaba har azahar, ba tare da na iya cewa ga abin da ya tsorata ni a ciki ba.

Daren da ya sa na sayi kaye na farko dare ne na dannau. Na kwanta rigingine bayan isha da gajiya, can cikin dare na buɗe ido ina ganin komai na ɗakin sarai, teburina da rigar sanyina a rataye a bayan ƙofa, amma ko yatsana na kasa ɗagawa. Na ji kamar an ɗora mini buhun gero a ƙirji, na ji kuma da wani a tsaye daidai kaina wanda ba na iya juyawa in kalla. Na yi ƙoƙarin karanta Ayatul Kursiyyu, harshena ya ƙi motsi, sai a zuci na ja ta, ina tuntuɓe ina komawa farko. Da abin ya sake ni na tashi na kunna duk fitilun ɗakin, waɗanda dama biyu ne, na zauna a bakin gado har asuba. A gida idan dannau ya danne mutum, yana farfaɗowa zai ji minsharin ƙanensa ko tarin tsohuwa daga ɗakin da ke kusa, ko kukan jaki daga bayan gida, sai hankalinsa ya dawo jikinsa. A ɗakin nan babu abin da nake ji sai ƙarar bututun ɗumama ɗaki.

Da gari ya waye na aika wa kawuna saƙon murya ta WhatsApp. Shi malami ne na zaure, ya yi karatunsa a nan Damagaram da Kano, kuma ba mutum ne mai gaggawar fassara ba. Amsarsa tana nan a wayata har yanzu. Bayan gaisuwa mai tsawo, wadda ya tambayi sanyi da abinci da ko ina samun jam'i, sai ya ce: «Ɗana, Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya raba mana mafarki gida uku: akwai bushara daga Allah, akwai baƙanta rai daga Shaiɗan, akwai kuma zancen da mutum yake yi da zuciyarsa ido biyu, sai ya gan shi a barci. Na farkon nan shi ne aka ce yanki ɗaya ne daga cikin 46 na annabta, kuma ba kullum ake samunsa ba. In ka ga abin ƙi, ka yi tofi ta hagunka sau uku, ka nemi tsari, ka juya ɗaya gefen, kada ka ba kowa labari. Ka tuna Annabi Yaƙub ma cewa ya yi da Annabi Yusuf kada ya ba ƴan uwansa labarin mafarkinsa.» Na tambaye shi ko rubutawa ma ba da labari ne. Ya yi kwana biyu bai amsa ba, sannan ya ce shi a ganinsa takardar da ba mai karantawa sai mai ita ba ta zama kunnen wani ba, amma munanan in bar su inda na gan su, kada in ba su masauki.

Haka na tsara abin. Kaye yana kan kujera kusa da gado da biro a cikinsa, ina farkawa kafin in taɓa waya sai in rubuta kwanan wata da ƙarfe nawa, da abin da na ci da dare, da gefen da na kwanta, sannan mafarkin yadda ya zo, ba gyara ba ƙari. A gefen shafi ina sa harafi ɗaya: B idan ina zaton bushara ce, Z idan zancen zuci ne, munana kuwa layi kawai nake ja in rubuta lokacin, ba na bayaninsu. Abin da ban yi tsammani ba shi ne harshen da hannuna ya zaɓa. Duk karatuna da Faransanci na yi shi, ban taɓa rubuta shafi guda cikakke da Hausa ba kafin wannan lokaci, amma na gwada rubuta mafarkin farko da Faransanci sai na ga ya mutu a kan takarda kamar kifin da aka fitar daga tafki. Da Hausa na ci gaba, da ƙa'idar rubutu irin ta wanda bai koya ba, kuma a waɗannan kaye ne na koyi rubuta harshen da aka yi mini rarrashi da shi.

Azumin 2016 ya kama ranar 6 ga watan Yuni, daidai lokacin da yini ya fi tsawo a can. Muna shan ruwa wajen ƙarfe goma na dare, isha tana kaiwa kusan sha biyu, kafin ƙarfe huɗu an rufe sahur, wato azumin wajen awa 18, sannan ƙarfe takwas ina wurin koyon aiki. Barcina ya zama guntu-guntu, awa biyu nan, awa biyu can, mafarkai kuwa suka yi ambaliya, har na cika rabin kaye a wata ɗaya. Wani ɗan Senegal mai karatun likita, wanda muke buɗa baki tare a masallacin unguwa, shi ya fara yi mini bayanin abin ta fuskar iliminsu. Ya ce barci zagaye yake yi, kowane zagaye kimanin minti 90, kuma a cikin kowanne akwai wani mataki da idon mai barci yake kai da komo da sauri a ƙarƙashin fatarsa, wanda masana biyu, Aserinsky da Kleitman, suka gano a Jami'ar Shikago a 1953. A wannan mataki ne ake yin mafi yawan mafarkai masu tsawo da haske, yana kuma ƙara tsawo ne idan gari ya doshi wayewa, wanda aka tasa a tsakiyarsa kuwa shi ne yake tuna abin da ya gani. A lokacin ne kuma jiki yake sake gaɓoɓinsa gaba ɗaya don kada mutum ya tashi ya aikata abin da yake gani. Idan hankali ya riga jiki farkawa, shi ne dannau, kuma ya fi kama mai kwanciya rigingine da wanda barcinsa ya rikice.

Na koma ɗaki na bi kaye shafi-shafi, sai na tarar maganarsa ta zauna daram a kan abin da na rubuta da hannuna: kusan duk dogayen mafarkaina a barcin bayan asuba na yi su, kuma duk daren da na ja layin dannau, a rigingine na kwanta. Na yi dariya ni kaɗai, domin abu biyun nan su ne kakata ta fi yi mini faɗa a kansu, barcin safe wanda take cewa yana korar arziki, da kwanciya rigingine wadda take cewa gayyatar dannau ce. Ban ga wani karo tsakanin bayanin likita da na kawuna ba. Ɗaya ya gaya mini ƙofar da mafarki yake shigowa ta cikinta da lokacin da take buɗewa, ɗayan kuma yana magana ne a kan wanda ya aiko baƙon, kuma sanin ƙofa bai taɓa gaya wa mai gida ko wane ne zai yi sallama ba.

A daren 19 ga wannan azumi ne na yi mafarkin da ya sa na kawo zancen sunana. Jirgin ƙarƙashin ƙasa na Lil ba shi da direba, tun 1983 da aka buɗe shi da kansa yake tafiya, kuma na saba zama a can gaba inda direba zai zauna, ina kallon rami yana haɗiye mu. A mafarkin ina zaune a wannan wuri, sai jirgin ya fito daga rami, na ga muna ratsa tsakanin duwatsun Birni da rana tsaka, muka wuce ƙofar fadar Sarkin Damagaram, dogarai da jajayen rigunansu suna tsaye suna duba tikiti. Na duba ƙasa na ga ruwa ya cika taragon har idon sawu, ruwa garai-garai mai sanyi, fasinjoji Turawa suna karanta jaridunsu ba wanda ya damu. Sai lasifikar da ke faɗin sunan tasha ta buɗe, maimakon muryar matar da na saba ji sai na ji muryar Inna, da ɗan dusashewar nan da take yi idan ta sha hayaƙin murhu. Ta kira sunana na yanka, cikakke, sau biyu, yadda ake kiran yaro daga ƙofar gida, sannan ta ce: «Ka bar bidonka a layi.»

Na farka kafin ƙararrawar waya, na zauna ina kuka irin wanda rabona da shi tun ina firamare. Shekarata 27 a lokacin, ban taɓa jin waɗannan haruffa a bakinta ba, amma a mafarkin na san yadda za ta ja wasalin ƙarshe, kuma na tabbata da za ta faɗa haka za ta faɗa. Na rubuta shi, biro yana rawa, na sa B a gefe, sannan tsoro ya biyo baya, domin na taɓa jin ana cewa kiran suna a mafarki ba alheri ba ne. Na kira gida tun kafin su gama abin da suke yi na safe. Ƙanwata ta ɗauka, ta ce kowa lafiya, Inna tana surfe. Na ce a ba ta. Ta karɓa ta ce: «Lafiya dai ko?» Na ce lafiya lau, gaisuwa ce. Ta ce: «To madalla, a yi ta haƙuri da azumin, ga ƙanwarku.» Duka maganar ba ta kai minti ɗaya ba, kamar yadda ta saba.

Sai bayan watanni, ina sake karanta shafin, na soke B na mayar da ita Z. A Faransa kowa da sunana yake kirana, daga malamin jami'a har mai gadin gidan ɗalibai, har yarinyar da ke karɓar kuɗi a banki, suna faɗinsa gatsau ba Malam ba Yaya, suna kuma karya shi yadda harshensu ya ga dama. Wata tara ina jin sunan da ba a faɗi a gidanmu yana yawo a bakin waɗanda ba su san kakana ba. A ganina zuciyata ce ta gaji, ta ɗauki sunan ta kai shi bakin da ya fi cancanta ya faɗe shi daidai. Bidon da na bari a layi kuwa bai buƙaci Ibn Sirin mai fassarar mafarki ba, ni na san ƙannena mata ne suke tashin ƙarfe uku a madadina tun da na tafi.

Akwai wani abu da kaye ya yi mini wanda ban so ba a lokacin. A watan Nuwamba na 2016 na yi mafarki katangar gidanmu ta gabas ta zube har ana ganin ɗakin kakata daga titi. Na karya dokar kawu, na kira shi na ba shi labari, na aika Yuro 50, kusan jika 33 kenan, na ce a yi sadaka. Aka yi waina aka raba wa almajirai, kuma babu abin da ya faru, katangar ma tana nan har yau. A watan Fabrairu na 2017 kuwa, wata Talata bayan asuba, waya ta yi ƙara, na ga sunan kawu, shi da bai taɓa kirana kai tsaye ba sai dai saƙo. Ya yi sallama, ya ce: «Ɗana, sai haƙuri, Hajiya ta riga mu gidan gaskiya cikin dare.» Kafin azahar an kai ta makwancinta, ni kuwa ina zaune a ɗaki mai murabba'in mita 9 ina kallon motoci. Da na buɗe kaye in ga abin da na rubuta da asubar nan, minti kaɗan kafin kiran, sai na tarar mafarkin takalmi ne: na fito daga masallaci na rasa ƙafa ɗaya, ina ta bincike a cikin takalman mutane, daga ƙarshe na tafi da silifas ɗin wani. Na yi ƙoƙarin matsa shi ya zama ishara, na ce ai rasa ƙafa ɗaya rashin abokin tafiya ne, amma da na waiwayi shafukan baya sai na ga na yi mafarkin ɓatan takalmi har sau huɗu a cikin shekarar, duk kuwa bayan an taɓa ɗauke mini nawa a masallacin Juma'a. Matar da ta goya ni ta cika, ni kuwa ina can ina neman takalmi.

Na yi fushi da mafarki kamar yadda ake fushi da ɗan aike da ya tsaya wasa a hanya, na yi kusan wata biyu ban buɗe kaye ba. Ranar da na koma gare shi, dalili ne ya sa. A mafarki na ga kakata zaune a kan tabarmarta a gindin bedin tsakar gida, da ƙwarya a gabanta tana dama fura, fuskarta ta cika ta yi haske kamar shekarun da nake lakwal. Ba ta ba ni wani saƙo ba, ba ta ce a biya mata bashi ko a yi mata sadaka ba. Ta ɗago kai kawai ta ce: «Maigida, ka rame, matan can ba sa ba ka abinci ne?» sannan ta miƙo mini ludayi. Na farka da natsuwar da rabona da ita tun ranar Talatar nan. Kawu ya ce alheri ne, in yawaita yi mata addu'a. Abokina ɗan Senegal, da na ba shi labari a taƙaice, ya ce masu makoki da yawa suna ganin irin wannan. Na riƙe biro na daɗe a kan gefen shafin, daga ƙarshe ban sa B ba, ban sa Z ba, kuma shi kaɗai ne mafarkin da na rubuta bayaninsa ban sa masa harafi ba a cikin kaye ukun.

Na dawo gida a watan Satumba na 2017. Daga Yamai na hau mota, muka yi wajen kilomita 900 ta Doso da Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni da Maraɗi da Tasawa, gero ya fitar da kai hagu da dama, muka shigo Damagaram bayan isha. Bayan kwana uku, da ƴan sannu da zuwa suka ragu, ina zaune a tsakar gida da Gwaggo, ƙanwar mahaifina, Inna kuma tana gefe tana tankaɗe ta ba mu baya. Na san ba zan iya fuskantarta da zancen ba, don haka Gwaggo na ba labarin jirgin da dogarai da lasifika, na ɗaga murya daidai yadda zai kai inda nake so ya kai. Gwaggo ta yi ta dariya har da tafa hannu, ta ce: «Ke Yaya, kin ji abin da kika yi a ƙasar Turawa? Ashe can kika je kika zubar da kunyar!» Inna ba ta juyo ba, hannunta bai tsaya da kaɗa rariya ba, sai ta ce da garin da ke gabanta: «Allah ya sawwaƙe, wannan ba ni ba ce.» Can an jima, har mun shiga wani zancen, ta kira ƙanwata ta ce: «Ki gaya wa yayanku bidon nasa yana nan, in an kawo ruwa yau shi zai tashi.»

Yaron da ke Turkiyya ban fassara masa komai ba, domin ban iya ba. Na tambaye shi ƙarfe nawa yake kwanciya da kuma ta wane gefe, na gaya masa abin da kawu ya gaya mini game da tofi da neman tsari, na ce ya sayi kaye ya riƙa sa kwanan wata, ya riƙa kiran gida da rana tsaka lokacin da zai ji hayaniyar yara a bayan murya, kuma kada ya yanke shawarar komai sai ya cika shafi arba'in ya karanta su a jere. Na ƙara masa da cewa idan abin ya kai ga hana shi barci da cin abinci, ya je ya ga likita ba tare da jin kunya ba. Har yanzu yana can, yana shekararsa ta uku.

Ni kuwa tun da na dawo mafarkaina suka koma irin na da, ina tashi suna bajewa kafin in kai ga buta. Kaye na uku saura shafi goma sha ɗaya a cikinsa, kuma abu ɗaya kawai na ƙara tun dawowata, a wata bazara da famfon unguwarmu ya yi kwana tara bai ɗiga ba. Na ga kaina a kasuwar Wazem ta Lil ranar Lahadi, ana yayyafi, Larabawa masu kayan miya suna ta kiran ciniki, ni kuma ina tsaye a tsakiyar hanya da bido biyu buɗe, ina jira su cika da ɗigon sama, mutane suna kauce mini da lemarsu ba mai ce mini komai. Bugun ƙofa ne ya tashe ni, ɗan garuwa ne ya iso da kurarsa tun kafin a kira salla, yana cewa yau bido ɗaya ya ƙara dala biyar.